Haɗa ofis huɗu a kan wayar intanet guda: ta ina ake farawa, me ke lalacewa

Tambaya: "Ni ne mai kula da kwamfutoci a wani kamfanin rarraba kaya. Babban ofishinmu yana Kano da tebur 30, sai rassa a Kaduna mai 10, Abuja mai 12, Maiduguri mai 8. Kuɗin kati ya ishe mu, kuma kowane ma'aikaci a layinsa kwastoma ke samunsa, ranar da ya bar aiki sai ya tafi da su. Maigida ya ce a haɗa mu duka a wayar intanet. Me zan saya, kuma yaya zan haɗa?"

Amsa: Malam, ka ajiye maganar saye tukuna. Wayoyin tebur su ne abu mafi sauƙi a aikin nan, kuma su ne na ƙarshe da za ka taɓa. Inda aikin yake karyewa shi ne layin intanet na kowane reshe, da tsarin adireshi, da wuta. In waɗannan uku suka zauna, ko wace waya ka jona za ta yi magana.

Zuciyar tsarin ita ce na'urar musayar kira, wadda ake kira PBX. Ita ke riƙe da lambobin ciki, ita ke sanin wa ke kiran wa, ita ke fitar da kira waje. Za ka iya sayen akwati haɗaɗɗe irin Grandstream UCM6301 ko Yeastar P560, kowannensu zai ɗauki tebur 60 ba tare da nishi ba. Ko kuma ka ɗora FreePBX, shirin PBX na kwamfuta wanda aka gina a kan wani shirin mai suna Asterisk, a ƙaramar kwamfuta mai ƙwaƙwalwar giga 4 da faifan SSD. FreePBX ɗin ya fi arha, ya fi ba ka iko, amma yana buƙatar wanda ba ya tsoron Linux. In kai kaɗai ne a kamfanin da ka iya, ka yi tunanin ranar da za ka tafi hutu ko jinya, ka ɗauki akwatin.

Ina za a ajiye ta? Ga girman kamfaninku shawarata ita ce babbar PBX guda a Kano, Kaduna da Abuja su rataya a kanta kai tsaye, Maiduguri kuma a ba ta ƙaramar tata, irin Yeastar S20 mai ɗaukar mutum 20 da kira 10 a lokaci guda, a haɗa su biyun da layin SIP tsakaninsu, SIP kuwa ita ce ƙa'idar da na'urorin wayar intanet ke haɗa kira da ita. Dalili: reshen da ba shi da PBX, da zarar hanyarsa zuwa Kano ta yanke, ko mutum biyu da ke zaune a ɗaki guda ba za su iya kiran juna ba. Reshen da ya fi nisa kuma layinsa ya fi rauni shi ya fi cancantar tsayawa da ƙafarsa. Wasu za su ce maka ka yi hayar saba, wato kwamfutar da za ta yi aikin PBX ɗin, a Turai ka huta. Yana aiki, amma murya daga Kaduna zuwa Kano sai ta gangara Legas, ta ratsa teku, ta dawo, ka ƙara kusan milisakan 100 a banza. Kuma a watan Maris na 2024, lokacin da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku da dama suka yanke a gabar Afirka ta Yamma, duk abin da ya dogara da fita waje ya sha wahala. In hayar za ka yi, ka nemi saba a cikin Najeriya.

Yanzu ga ainihin aikin. Kafin ka kashe ko sisi, ka auna layin kowane reshe na tsawon mako guda, a lokacin aiki, musamman tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana. Abu uku kake nema, kuma saurin sauke fim ba ya cikinsu. Jinkirin tafiya ɗaya kada ya wuce milisakan 150, wannan shi ne ma'aunin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, mai lamba G.114, wato in ka yi ping, gwajin da ke auna lokacin zuwan saƙo da dawowarsa, ka ga ƙasa da 300 kai da komowa, ana iya zama da shi. Bambancin lokacin isowar ƙunshin murya, wato gutsattsarin da ake yanka murya a aika, wanda ke sa magana ta riƙa rawa, ya tsaya ƙasa da milisakan 30. Abin da ke zubewa a hanya kuma kada ya kai kashi 1 cikin 100. Ga gwajin da mutane ke tsallakewa: ka bar ping yana gudu, sannan ka sa wani ya tura babban fayil zuwa Google Drive. In lambar ta yi tsalle daga 40 zuwa 800, to haka kiran manaja zai koma duk lokacin da wani a ofis ya ɗora bidiyo a WhatsApp. Tsohon tauraron VSAT, mai jinkirin kusan milisakan 600 kai da komowa, yana sa mutane suna taka maganar juna. Starlink, da ya fara aiki a Najeriya a farkon 2023, jinkirinsa ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba, sai dai yana ɗan yankewa in ruwan sama ya yi ƙarfi ko bishiya ta tare masa sama.

Lissafin faɗin hanya ba shi da wuya. Kodek shi ne salon da ake mai da murya lambobi don a aika ta. Kodek ɗin G.711 yana cin kilobit 64 a daƙiƙa, amma ana aika shi ƙunshi 50 kowace daƙiƙa, kowane ƙunshi da baiti 160 na murya da baiti 40 na adireshi, sai ya koma kilobit 80, a kan kebul kuma kusan 87. In ka cusa shi cikin ramin WireGuard, wato hanyar sirrin da za ta haɗa rassa da Kano, kowane ƙunshi ya ƙara baiti 60, sai ka lissafa kilobit 110 ga kowane kira, zuwa da dawowa kowanne da nasa. G.729 da ake yabo da kilobit 8, in ya shiga ramin nan yana kaiwa wajen 50, kuma murya ta fi dusashewa, don haka ribarsa ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. Ka ajiye shi ga reshen da layinsa ke da ƙunci sosai. In G.711 ne, ka zaɓi nau'in alaw, shi ake amfani da shi a nan, ulaw na Amurka da Japan ne. Reshe mai tebur 10 da wuya ka ga kira ya wuce biyar a lokaci guda, wato kilobit 550, ka ware masa megabit 1. Kano ce ke ɗaukar nauyi: kiran rassa kamar 15 sun kai megabit 1.7, layukan waje 11 da za mu lissafa a gaba sun kai kusan megabit 1, ka ware 4 a ɓangaren turawa ka samu sarari. Ɓangaren turawa nake nufi, domin masu sayar da intanet da lambar saukewa suke talla.

Rassan za su haɗu da Kano ta VPN, wato ramin sirri a cikin intanet irin WireGuard ɗin nan, kuma a nan akwai sharaɗi guda da ba a ciniki a kansa: Kano sai ta samu adireshin IP na fili wanda ba ya canzawa. Ka nema a rubuce daga mai ba ku faiba. Rassa ba sa buƙata. Layin 4G da Starlink na talaka duk suna bayan abin da ake kira CGNAT, wato mutane da yawa a adireshi guda, in ka duba rautarka ka ga adireshi tsakanin 100.64 da 100.127, to kana ciki, ba mai iya ƙwanƙwasa maka ƙofa daga waje. Ba matsala ba ce, tun da reshen ne zai buga wa Kano, ya riƙe ramin a buɗe. Rautar MikroTik mai RouterOS 7 tana da WireGuard a cikinta. Ka buɗe ƙofar UDP 51820 a Kano, a kowane reshe ka sa saƙon riƙe hanya duk daƙiƙa 25. In ka manta wannan saƙon, kira zai fita daga reshe lafiya lau, amma in ofis ya yi shiru na ƴan mintuna sai kiran shigowa ya daina isowa, ka rasa dalili.

Adireshin cikin gida kuma kada na wani reshe ya yi karo da na wani. Yawancin ofisoshi suna zaune a kan abin da rauta ta zo da shi daga kanti, 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, in rassa biyu suka zama iri ɗaya VPN ba zai san inda zai kai kaya ba. Ka sake su duka, ka sa lambar reshe ta dace da lambar wayarsa don kada ka riƙa duba takarda:

Kano: lambobi 2000 zuwa 2999, adireshin wayoyi 10.2.20.0/24
Kaduna: 3000 zuwa 3999, 10.3.20.0/24
Abuja: 4000 zuwa 4999, 10.4.20.0/24
Maiduguri: 5000 zuwa 5999, 10.5.20.0/24

Da gangan na tsallake lambobin da ke farawa da 1, saboda 112 ta kiran gaggawa kada ta rikice da lambar wani akawu. Kuma tun da duk lambar waje a ƙasar nan da sifili take farawa, ba ka buƙatar tilasta wa mutane danna 9 kafin su fita: duk abin da ya fara da 0 waje ne, saura na gida, ban da 112. Kwamfutoci su zauna a wani VLAN daban, wato sashen da aka ware musu a kan suwic, misali 10.2.10.0/24.

Maganar ba murya fifiko a hanya tana da tarko. Wayoyi suna yi wa ƙunshin murya alamar fifiko ta DSCP 46, kuma suwic ɗinka da rautarka za su girmama ta, amma kamfanin intanet ba ruwansa da ita. WireGuard ma ba ya kwafo alamar zuwa bayan ƙunshinsa. Abin da ke aiki shi ne ka hana layin cika tun daga rautarka: ka auna ainihin abin da yake iya turawa, ka ɗaure shi a kashi 85 zuwa 90 na wannan, ka sa tsarin jeri mai tsara wane ƙunshi zai fara fita, irin CAKE ko fq_codel, duka suna cikin RouterOS 7, sannan ka ba ƙofar ramin VPN gaba. Zai fi sauƙi in murya kaɗai ramin yake ɗauka. Kyamarorin tsaro da ke tura hoto waje dare da rana su ne manyan masu cinye ɓangaren turawa, a ɗaure su a nasu rabon. A layin 4G saurin yana hawa yana sauka da cunkoson unguwa, don haka ka ɗaure a kan abin da ka gani da rana tsaka, ba na asuba ba.

Sai fita waje, wanda shi ne abin da maigidanku ya fi damuwa da shi. Hanya mai tsabta ita ce layin SIP daga kamfanin da ke da lasisin hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, su ba ku lamba guda ta kamfani, ko ta gari ko mai farawa da 0700, da adadin kira da za su iya gudana tare. Ka tuna tun farkon 2024 lambobin layin ƙasa sun samu ƙarin 02 a gaba, ta Legas ta koma 0201, ta Abuja 0209, ta Kano 02064, ka rubuta dokokin bugunka da sabon tsari. Layi nawa za ka saya? Ka ƙirga sa'ar da ta fi cunkoso. In kira 100 ake yi a cikinta, kowanne minti uku, minti 300 ke nan, ka raba da 60 ya ba ka 5. Teburin Erlang B, wanda ake lissafa yawan layukan waya da shi, ya nuna wannan nauyin yana son layi 11 in kana son mutum ɗaya kacal cikin 100 ya tarar a cike. Ka tambaye su yadda suke son lamba, 0803 ko 234803, domin rabin kiran da ke ƙin fita a ranar farko daga nan ne.

Hanya ta biyu ita ce akwatin sim, irin Yeastar TG ko Dinstar, kowane sim kira ɗaya. Yana da amfani a matsayin madadi: biyu a Maiduguri, ko da intanet ta ɗauke gaba ɗaya reshen yana kira ana kiransa. Kiran 112 ma ya fi dacewa ya fita ta sim ɗin garin da mai kiran yake, kada mutum yana Abuja a haɗa shi da cibiyar Kano. Sai dai a yi hattara. Shigo da kiran ƙasashen waje ta intanet a sauke shi a kan sim ɗin gida laifi ne a wurin NCC, kuma kamfanonin waya suna rufe layin da suka ga salon kiransa ya yi kama da haka. Ku yi rajistar sim ɗin da sunan kamfani, ku tsaya a kiran ofishinku. A ajiye akwatin kusa da taga, ba cikin kabad ɗin ƙarfe ba.

Tsaro. Duk PBX da ka bar ƙofarta ta SIP, mai lamba 5060, a buɗe ga duniya, cikin sa'o'i kaɗan za ka ga baƙin adireshi suna gwada lambobi ɗaya bayan ɗaya. Abin da suke nema shi ne lambar ciki mai kalmar sirri irin 2001 ko 1234, su shiga da yammacin Juma'a, su kwana biyu suna buga lambobi masu tsada na ƙetare, ranar Litinin ku tarar da bashi. Tun da rassa ta VPN suke shigowa, ba ka da dalilin buɗe 5060 sai ga adireshin mai ba ku layin SIP kaɗai, haka ma ƙofofin murya, 10000 zuwa 20000 a Asterisk. Kalmar sirrin kowace lamba ta kai haruffa 16 na hargitsi, ba mai buga ta da hannu. A rufe kiran ƙetare ga kowa, a buɗe wa mutum biyu ko uku da lambar sirri. A kunna fail2ban, shirin da ke toshe adireshin da ya yi ta gwada kalmar sirri yana faɗuwa. Asusun layin waje ya zama na biya kafin amfani, mai iyaka. Shafin saitin wayoyin ma a canza masa admin da admin da ya zo da shi.

Wuta ce ke yanke hukunci a ƙarshe. Wayoyin su sha daga suwic mai PoE, wato mai ba da wuta ta kebul ɗin intanet, ta yadda inbata guda ke riƙe da su duka. Waya irin Yealink T31P ko Fanvil X3 ba ta wuce wat 3 zuwa 5, goma sun kai wajen 40, ka ƙara suwic da rauta da modem, ka samu kamar 75. Batir mai volt 12 da amfiya 100 na dalma, in ba ka son kashe shi da wuri rabinsa kawai za ka sha, bayan asarar inbata ya rage maka wajen wat 500 na sa'a, wato awa shida zuwa bakwai. Starlink shi kaɗai yana iya cin wat 50 zuwa 100 gwargwadon samfurinsa, ka ninka lissafin. Abin da ya fi ɗaukewar wuta ɓarna shi ne daƙiƙa goman da ke tsakanin ɗaukewa da tashin janareta: rauta ta mutu, ta ɗauki minti biyu tana farfaɗowa, duk kiran da ke gudana ya yanke. Kayan sadarwa kada su taɓa jin wannan canjin. Kebul kuma Cat6 na tagulla zalla, kada ya wuce mita 100. Akwai mai arha a kasuwa wanda alminiyam ne aka yi masa fentin tagulla, ka kankare shi da reza za ka ga fari a ciki. Yana wuce gwajin intanet, amma da PoE sai waya ta riƙa mutuwa tana tashi. In akwai rediyo a kan hasumiya, a sa masa makarin tsawa da wayar ƙasa kafin damina, in ba haka ba aradu guda ta biyo kebul ta cinye suwic ɗin. Ƙurar hunturu kuma tana toshe fankar na'ura, a riƙa hure ta.

Wajen girkawa, duk wayoyi 60 su fara sauka a Kano. Ka rubuta lambar MAC, wato lambar shaidar da na'ura ke zuwa da ita, ta kowacce a gaban lambar cikin da za ta ɗauka, ka liƙa takarda a bayanta, ka daidaita manhajarsu ta zama iri ɗaya. Ka sa zaɓi na 66 a DHCP, wato mai raba wa na'urori adireshi, na kowane reshe ya nuna adireshin PBX, ta yadda ma'aikaci a Kaduna zai jona kebul kawai waya ta ɗauko saitinta. Agogo ya tsaya a UTC+1, lokacin Najeriya, ta NTP mai daidaita agogo ta intanet, in ba haka ba jadawalin rufe ofis zai riƙa sallamar kwastoma da rana. Ka kunna Kano da reshe ɗaya, su yi mako biyu, tsofaffin layuka na aiki a gefe, sannan ka matsa gaba. In za ku naɗi kira, minti ɗaya yana cin kusan megabaiti 1, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta sa ya kamata a sanar da mai kira tun a gaisuwar farko. Naɗin yana kuma tilasta duk murya ta bi ta PBX, ko da mutum biyun a reshe guda suke, ka saka wannan a lissafin layin Kano.

Ga cututtukan da za ka haɗu da su, kusan tabbas. Kana jin mutum shi ba ya jinka: PBX ba ta san adireshin reshen na gida ba ne, sai ta ba shi adireshinta na waje ya aika murya can. Ka shigar da duk jerin 10.2 zuwa 10.5 a gurbin adireshin gida na saitin SIP. In bai warke ba, ka kashe SIP ALG a rauta, wannan abin da aka yi don taimako ya fi ɓata saƙo fiye da gyara shi, a MikroTik yana ƙarƙashin service-port na fayawol. Kira yana yankewa daidai daƙiƙa 32: saƙon tabbatar da ɗauka bai iso ba, na'urar ta jira iyakar lokacinta ta ajiye, kuma tushen adireshi ne dai. Yankewa daidai minti 15 ko 30 kuwa agogon sabunta zama ne, wani ɓangare bai amsa ba. Waya ta yi rajista amma kira ba ya shiga: saƙon gayyata ya fi baiti 1420 da ramin ke ɗauka, ya tsage a hanya, ka rage jerin kodek zuwa biyu ko ka mai da SIP kan TCP. An danna 1 ko 2 a menu bai ji ba: ɓangarorin ba su yarda a kan RFC 4733, ƙa'idar aika lambar da aka danna, ba. Masu yawo da ke amsa lambar ofis a wayar hannu da Zoiper ko Linkus, in suna rasa kira, tanadin batir na Android ne ke kashe manhajar a baya, a cire ta daga jerin. Duk waɗannan ba a gano su da zato. Ka buɗe sngrep, shirin da ke nuna saƙonnin SIP, a kan saba, ka buga kira guda, ka duba layin da ke farawa da c= a cikin saƙon, adireshin da ke nan shi ne inda ɗayan ɓangaren zai aika murya. In ka ga adireshin waje a kiran da ya kamata ya tsaya cikin VPN, ka kama ɓarawon.